Ƙasashen da jarirai ke barcin rana a waje cikin sanyin ƙanƙara

Ga hunturu ya shigo, iska tana kaɗawa, kowace uwa tana neman hula da bargo domin ɗanta. A ƙasarmu, in sanyi ya sauka, ɗaki ake shigar da jariri, a ja ƙofa, a hura wuta. To, akwai ƙasashen da sanyinsu ya fi namu nesa ba kusa ba, amma da hantsi ya yi sai uwa ta shirya jaririnta, ta fitar da shi waje ya yi barci. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Wanda bai samu tafiya ba, karatu yana iya kai shi. Yau za mu leƙa waɗannan ƙasashe, mu ga dalilinsu, sa'annan mu duba abin da ya dace da mu.

Ina ake wannan al'ada?

Ana yin ta can arewacin Turai, musamman a ƙasashe biyar: Finlan, Suwidin, Norwe, Danmak da Aisilan.

Kafin mu gane irin sanyinsu, sai mun san yadda ake auna shi. Ana auna zafi da sanyi da digiri. Jikin mutum mai lafiya yana da digiri 37. A watan Afrilu, zafin Tawa ko na Yamai yakan wuce digiri 40. A daren hunturu kuwa, a Maraɗi ko Damagaram, ma'auni yakan sauko wajen digiri 15 ko ƙasa da haka, mu kuma muna ta makyarkyata. In ma'auni ya kai sifiri, ruwa sai ya daskare ya zama ƙanƙara. In sanyi ya ƙaru, sai a soma ƙirga "ƙasa da sifiri".

A garin Oulu, arewacin Finlan, sanyi yakan kai digiri 20 ƙasa da sifiri, wani lokaci ma ya zarce. Ruwan teku yana daskarewa har mutane su yi tafiya a kansa. A ƙarshen watan Disamba, tsakanin fitowar rana da faɗuwarta bai kai awa huɗu ba. Dusar ƙanƙara tana rufe ƙasa wata da watanni.

Matan can ba goyo suka fi yi ba. Suna da keken jarirai. Wani ɗan gado ne mai zurfi, da tayoyi huɗu, da rumfa wajen kai, da mariƙi da ake tura shi kamar yadda ɗan garuwa yake tura kurarsa. A cikin wannan keke ne jariri yake barcin rana. Ana ajiye keken a baranda, ko a bayan gida, ko gindin taga. A Danmak, mutum yana iya ganin kekuna jere a ƙofar gidan shan gahawa, iyaye suna ciki kusa da taga suna hangen su. A gidajen renon yara ma haka ne: bayan abincin rana sai a jera yara a ƙarƙashin rumfa, kowa cikin shimfiɗarsa.

A lura da kyau, barcin rana ne kawai. Da dare kowane jariri a ɗaki yake kwana.

Mafarin al'adar

Shekaru ɗari da suka wuce, waɗannan ƙasashe ba su da arzikin da suke da shi yau. Talakawa suna cunkushe a ƙananan ɗakuna. Saboda sanyi, ba a buɗe taga. A Aisilan, gidaje da yawa na dutse ne da ƙasa mai ciyawa, ana dafa abinci da busasshen kashin tumaki, hayaƙi yana cika gida. Tarin fuka yana kashe manya da yara. Akwai kuma ciwon da ke tausasa ƙashin yaro har ƙafafunsa su lanƙwashe, wanda rashin hasken rana yake kawowa.

Likitocin wancan zamani suka lura cewa yaran da ke wuni cikin ɗaki mai duhu da hayaƙi sun fi kamuwa da ciwo. Sai suka shiga yi wa iyaye gargaɗi su riƙa fitar da jarirai su sha iska. A Aisilan, wani likita ya buga littafin renon yara a 1926, ya ba da wannan shawara. A Finlan kuwa, wanda ya fi shahara a kan wannan kira shi ne likitan yara Arvo Ylppö. An haife shi a 1887, ya rasu a 1992 yana da shekara 104. Tun wajen 1920 yake koya wa mata su fitar da ƴaƴansu waje kullum, ko da damina ko da sanyi.

Amma aikinsa bai tsaya ga shan iska ba. A 1922 aka buɗe gidan awon yara na farko a Helsinki, babban birnin ƙasar, inda ake auna jarirai, ana koya wa uwaye tsabta da shayarwa. A 1944 doka ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta buɗe irin wannan gida. A 1938 gwamnati ta soma ba mata marasa ƙarfi kwali cike da kayan jariri, a 1949 aka mai da shi na kowace mai ciki, da sharaɗin ta je awo tun cikin yana ƙarami. Har yau ana ba da wannan kwali, kuma a cikinsa akwai rigar sanyi mai kauri ta fita waje.

Wajen 1935, cikin jarirai 1000 da aka haifa a Finlan, kamar 65 suke mutuwa kafin su cika shekara. Yau kamar 2 ne. Abubuwa da yawa suka haɗu suka kawo haka: awon ciki, allurar rigakafi, ruwa mai tsabta, abinci da magani. Barcin waje ya tashi ne tare da su, ya zama al'ada, uwa ta gada daga uwarta.

Yadda ake shirya jariri

Mutanen Suwidin da Norwe suna da karin magana cewa babu mugun yanayi, sai dai mugun tufa. Ga yadda uwa take yi.

Da farko tana shayar da jariri ya ƙoshi, ta canza masa ƙunzugu domin ya bushe. Jiƙaƙƙen tufa yana janye ɗumin jiki da sauri.

Sa'annan ta sa masa tufafi hawa-hawa. Na jikin fata na gashin tumaki ne mai laushi, domin yana riƙe ɗumi ko da yaro ya yi gumi. A bisansa wata riga, a bisanta kuma babbar riga mai kauri da ta rufe shi daga wuya har ƙafa. Sai hula mai rufe kunnuwa, da safar hannu, da safar ƙafa.

A cikin keken tana shimfiɗa buzu, domin kada sanyi ya taso daga ƙasa. Sai ta zura yaron cikin wata jakar barci mai auduga ko gashin tsuntsu. Fuska kaɗai ake bari a buɗe. Ana kwantar da shi rigingine, ba rub da ciki ba.

Dalilin hawa-hawa shi ne, tsakanin riga da riga akwai iska a tsare. Jikin yaro yana ɗumama wannan iska, ita kuma tana tsare shi daga sanyin waje. Shi ya sa riguna uku marasa kauri suka fi guda mai nauyi.

Daga nan sai a juya keken ya ba iska baya. Iyaye da yawa suna sa ma'aunin zafi a ciki, da wata ƴar na'ura mai kai kukan yaro har cikin ɗaki. Duk da haka uwa tana fita lokaci lokaci, ta sa yatsa a ƙeyar yaro. In ta ji ɗumi, lafiya. In ta ji gumi, tufafi sun yi yawa, sai ta rage. In ta ji sanyi, sai ta shigo da shi.

Al'adar tana da iyaka. Ba a fitar da yaro mai zazzaɓi ko mara lafiya. Ba a fitar da bakwaini ko wanda nauyinsa bai kai ba. Ana somawa da mintoci kaɗan, ana ƙarawa sannu a hankali. A Danmak ana shawartar iyaye kada su kwantar da jariri a waje in sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifiri.

Abin da bincike ya gano

Wata mai bincike ta jami'ar Oulu, Marjo Tourula, ta yi nazarin wannan al'ada. A 2008 ta fitar da sakamakon tambayoyin da aka yi wa iyayen yara ƴan ƙasa da shekara biyu. Ta samu cewa yawanci ana somawa tun jariri yana da sati biyu, sau ɗaya a rana. An kwantar da yara a waje daga digiri 5 bisa sifiri har zuwa digiri 27 ƙasa da sifiri. Iyaye suka ce ƴaƴansu sun fi daɗewa suna barci a waje. A wani aunin da aka fitar a 2010, na jarirai ƴan wata uku, barcin waje ya fi na ɗaki tsawo da kamar awa ɗaya da rabi.

Binciken ya nuna abin tsoro kuma. In sanyi ya kai digiri 15 ƙasa da sifiri, yaro ɗaya cikin huɗu yatsunsa sukan yi sanyi. In kuwa ma'auni yana kan sifiri, kusan rabin yaran ana samun su da gumi a wuya, alamar an yi musu tufafi fiye da kima. An kuma ga cewa fatar yaro tana ƙara sanyi gwargwadon daɗewarsa a waje. Wato ko a can, sai da lura.

Iyaye da yawa sun gaskata cewa barcin waje yana hana mura da tari. Masana ba su samu hujjar da ta tabbatar da haka ba. Abin da aka tabbatar shi ne, cututtukan numfashi sun fi yaɗuwa inda mutane suka cunkushe a ɗakin da iska ba ta ratsawa, kuma hayaƙi yana lalata huhun yaro.

Abincin wani, gubar wani

A watan Mayu na 1997, wata mata ƴar Danmak ta je birnin Niyok na Amurka da ɗiyarta mai wata 14. Ta ajiye keken yarinyar a ƙofar wani gidan abinci, ta shiga ta zauna inda take hangen ta, kamar yadda ake yi a garinsu. Mutane suka kira ƴan sanda. Aka kama ta, aka tsare ta, aka raba ta da ɗiyarta na ƴan kwanaki. Daga baya aka janye ƙarar, aka mayar mata da yarinyar. A Danmak mutane suka yi mamakin kamun. A Amurka kuwa mutane suka yi mamakin uwar.

Wannan labari yana nuna mana cewa al'ada tana tafiya da wurinta. Abin da ya sa mutanen arewacin Turai suke iya wannan abu shi ne, suna da tufafin da aka ɗinka domin sanyi, gidajensu a ɗumame suke dare da rana, jariransu ana auna su a kan kari, kuma satar yara ba ta dame su ba. In aka cire waɗannan, abin da ya rage hatsari ne.

Me ya sa jariri yake saurin jin sanyi?

Jariri ba ƙaramin babba ba ne. Kansa babba ne in aka gwada da jikinsa, ɗumi da yawa yana fita ta nan in babu hula. Fatarsa ba ta da kauri, kitsensa kaɗan ne. Babba in ya ji sanyi sai ya yi makyarkyata, jikinsa ya ɗumama, ko ya tashi ya ɗauko bargo. Sabon haihuwa ba ya iya ko ɗaya. Abin da yake da shi wani ɗan kitse ne na musamman a wuya da tsakanin kafaɗu, wanda jiki yake ƙonawa domin ya samu ɗumi. In wannan ya ƙare, yaro sai ya yi laushi, ya kasa tsotso, sanyi ya ƙara kama shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce zafin jikin sabon haihuwa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36 da rabi da 37 da rabi. Sanyi yana iya yi wa jariri illa ko a ƙasa mai zafi irin tamu, musamman wanda aka haifa bai kai kilo biyu da rabi ba.

To, mu fa?

Kada wani ya karanta wannan ya kwantar da jaririnsa a tsakar gida cikin iskar asuba. Iskar hunturunmu tana ɗauke da ƙura, ƙura kuwa tana busar da hanci da maƙogwaro, a lokacin ne kuma sanƙarau yake yawa. Ɗakunanmu ba su da abin ɗumamawa sai wuta. Ga dabbobi a tsakar gida, ga sauro, ga kunama.

Mu ma muna da abin da ya gagari keke, wato goyo. Yaron da ke bayan uwarsa yana samun ɗumin jikinta, tana jin motsinsa da numfashinsa, nono kuma yana kusa. Likitoci ma sun koma ga wannan hikima. A 1978, a wani asibitin Bogota ta ƙasar Kolombiya, aka soma ɗaura bakwaini a ƙirjin uwarsa, fata da fata. Yau OMS tana cewa a soma yin haka tun daga haihuwa ga duk jaririn da ya zo da ƙaramin nauyi.

Darasin da ya shafe mu yana cikin mafarin labarin. Abin da likitocin Finlan da Aisilan suka yaƙa a da, wato ɗaki rufe, da hayaƙi, da cunkoso, shi ne muke fama da shi a lokacin ɗari. Ciwon huhu, wanda wasu ke kira ciwon haƙarƙari, ya kashe yara ƴan ƙasa da shekara biyar fiye da 700,000 a duniya cikin 2019. OMS ta ce kusan rabin irin wannan mutuwa hayaƙin cikin gida ne sanadinta. Garwashin gawayi kuma yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba a ganin ta. A ɗaki rufe tana iya kashe mutanen gida cikin barci, jariri ne kuma take fara kamawa.

Abin da ya kamata mu yi a lokacin ɗari

1. Da an haifi jariri, a goge shi da busasshen zane mai tsabta, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, a rufe su tare, a sa masa hula. A ba shi nono cikin awa ta farko.

2. A jinkirta wankan farko har kwana ɗaya. Bayan haka, a riƙa yi masa wanka in rana ta ɗaga, da ruwan ɗumi, a inda iska ba ta bugawa. A tsane shi nan da nan.

3. A sa masa riga bisa riga, da hula da safa. In ya jiƙe, a canza masa ba da jinkiri ba.

4. A taɓa ƙeyarsa da tafin ƙafarsa. In akwai gumi a rage tufafi. In ƙafa ta yi sanyi, a manna shi a jikin uwa, a ba shi nono.

5. A kwantar da shi rigingine cikin gidan sauro. Kada a rufe masa fuska da bargo.

6. Kada a kwana da kaskon wuta a ɗaki rufe. A fitar da shi kafin barci. Hakan yana tsare yara daga ƙuna da gobara kuma.

7. A yi girki a waje ko a madafa mai taga. In da hali, a miƙa yaro ga kaka ko ƴar reno, kada uwa ta tsaya cikin hayaƙi da goyo. Maigida mai shan taba ya sha nesa da ɗaki.

8. In rana ta yi ɗumi kuma ƙura ta lafa, a buɗe ƙofa da taga iska ta ratsa ɗaki, a shanya shimfiɗa. Uwa ta fito da yaronta inuwa, a wurin da zana ko katanga ta tare iska.

9. Kada sanyi ya hana zuwa awo da allurar rigakafi.

Alamun da ba a jira da su

Uwa da uba su koyi ƙirga numfashin yaro na minti guda, lokacin da yake kwance ba ya kuka. In bai kai wata biyu ba, numfashi 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50 ko fiye. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye. Wanda ba shi da agogo, akwai shi a wayar hannu.

A gaggauta kai yaro gidan likita in numfashinsa ya yi sauri haka, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja iska, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ko ya yi sanyi ƙalau bai ɗumama ba, ko yana taune-taune, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Ciwon huhu yana jin magani in an zo da wuri. Maigida, kada ka ce a bari sai ranar kasuwa. A hanya kuma a riƙe yaro a jikin uwarsa, a rufe shi, a ci gaba da ba shi nono.

Ƴan uwa, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Uwar Finlan da ke tura keke cikin dusar ƙanƙara da uwar Damagaram da ke ɗaura majanyi, buƙatarsu ɗaya ce: yaro ya samu ɗumi a jiki da iska mai tsabta a huhu, idon babba kuma yana kansa. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa matan gidansa da maƙwabta, ku tattauna shi a wurin karatu. Rigakafi ya fi magani. Allah ya raya mana ƴaƴanmu, ya fitar da mu ɗari lafiya. Sai fitowa ta gaba.